Shekarar da Mama Ta Zauna a Benci

Lissafi Malam yake koyarwa a kwalejin fasaha, amma in ka tambayi mai gadin ƙofa ina malamin lissafi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. In ka ce masa Koci kake nema, nan take zai nuna maka bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, inda filin ƙwallo yake. Tun da tsohon kocin ya yi ritaya aka rasa mai karɓar ƙungiyar, Malam ya ɗaga hannu a taron malamai, kuma daga ranar duk yammacinsa ya zama na fili. Gajere ne mai sanƙo, ga murya kamar an ɗaura masa lasifika a maƙogwaro. In ya daka wa yaro tsawa, har masu wanke-wanke a ɗakin cin abinci sai sun ji sunan yaron da laifinsa.

Matarsa tela ce. Shagonta a jikin gidansu yake, ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta falo. Shi Tela yake ce mata tun suna da ƙuruciya. 'Yan ƙwallon kuwa Mama suke ce mata, don ita ke ɗinke musu wandon da ya yage da lambar da ta ɓalle a bayan riga. Iyakar haɗinta da ƙwallo ke nan, ba ta taɓa taka filin ba. Labarin dai tana shan sa a kan abinci, ko tana so ko ba ta so. Malam zai jawo faranti ya fara, wane ya yi kaza, wane ya yi kaza, ita kuma tana ta "uhm", hankalinta na can kan hannun rigar da ba ta gama ba.

Ƙungiyar ba ta taɓa yin abin kirki a gasar kwalejoji ba. Kullum a tsakiya take ƙarewa, ba a sama ba, ba a ƙasa ba. Amma a wannan shekarar Malam ya dace da yara. Akwai Kyaftin, ɗan ajin ƙarshe mai koyon aikin lantarki, mai sanyin hali, wanda ke tsare baya. Akwai Dogo mai tsaron gida, wanda sai ya sunkuya yake shiga aji. Sai Sauro, siririn yaro ɗan ajin farko, mai gudu kamar an biyo shi, sai dai in ƙwallo ta shiga ƙafarsa, to ta shiga ke nan, ba ya ba kowa.

Sun ci wasanninsu uku na farko. A na huɗu, Sauro ya yanke mutum uku, ga ɗan uwansa tsaye shi kaɗai gaban raga yana ɗaga hannu, amma ya buga da kansa, ƙwallo ta wuce can saman bishiya. Malam ya buɗe baki ya fara tsawar, bai kai ƙarshenta ba ya dafe ƙirji ya zauna a kan ciyawa. Kyaftin da Dogo ne suka ɗauke shi zuwa motar makaranta.

Likitar da ta duba shi mace ce mai magana a hankali, irin wadda ba a yi mata musu. Bayan ya ɗan farfaɗo ta jawo kujera kusa da gadonsa.

"Malam, zuciyar nan ba ta ƙarfe ba ce," in ji ta. "Wannan karon ta yi maka gargaɗi ne kawai. Babu fili, babu tsawa, har sai na ce. Ko a talabijin ban yarda ba."

"Likita, muna tsakiyar gasa."

"Ni ma ina tsakiyar aikina."

Da aka sallame shi, autarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, ta karɓe wayarsa ta jefa a jakarta. Kwalejin ba ta da wani kocin, don haka Kyaftin ya ci gaba da jan atisaye yadda ya ga Malam na yi. Malam kuma ya zauna a gida ya zama abin tausayi. Ya gyara labule, ya sake gyara shi. Ya shiga shago ya tsaya kan masu kawo ɗinki yana ba su shawarar da ba su nema ba. Ana gobe wasa ya ture abinci, ya zauna yana kallon bango.

Mama ta daɗe tana kallonsa ta ƙofar shago. Ta ga zaman nan ma wani ciwon ne. Ta kashe keken ɗinki ta fito.

"Ni zan je," ta ce.

"Ina?"

"Filin naka. In an tafi hutun rabin lokaci in kira wayar Auta, in faɗa maka abin da na gani, ka ba ni saƙo in kai musu. Amma da sharaɗi, kana ɗaga murya Auta za ta kashe."

Malam ya dube ta sama da ƙasa. "Ke? Kin ma san satar gida?"

"Wa ya yi sata a gidan wa?"

Ya riƙe kai. Amma da yake ba shi da wata hanyar, ya yarda, har ya jawo farantinsa.

Washegari ta isa fili da lema da jaka, da wani siket da take wa kalmasa da hannu, don kada zaman ya tafi a banza. 'Yan benci suka matsa mata, ɗaya ya share wurin da rigarsa. Aka fara wasa, tana ɗinki tana ɗaga kai. Da alƙali ya busa hutu, ta koma gefe ta kira.

"Me ake ciki?" in ji Malam, ko gaisuwa babu.

"Ba wanda ya ci wani. Amma yaran nan sun sha gudu, abin tausayi."

"Tela, ba tausayi na tambaye ki ba. Ta ina suke shigo mana?"

Ta ɗan yi tunani. "Ta gefen da mai lemo yake zama."

"Hagu ke nan. Na sani, wallahi na sani. Sauro fa?"

"Yana ta gudu da ƙwallon shi kaɗai, kamar an aike shi da ita."

"To ji nan. Ki ce wa Kyaftin ya jawo mai lamba shida ya toshe gefen nan. Shi kuma Sauro ki ce masa kansa babu komai sai iska, in ya ƙara riƙe mini ƙwallo, a benci zai gama makarantar!"

"Baba, murya," ta ji Auta ta faɗa daga can.

Yaran suna zaune a kan ciyawa suna haki. Ta ba Kyaftin saƙonsa yadda aka ba ta, ba ta rage ko harafi ba. Sannan ta juya ga Sauro. Tun kafin ta yi magana ya sunkuyar da kai, ya ɗaga kafaɗu kamar mai jiran bulala. Ta tuna duk yaran sun zo asibiti ban da shi, kuma Kyaftin ya gaya mata a ɓoye cewa yaron gani yake shi ya kayar da Koci. Ta buɗe baki, saƙon ya ƙi fita. Sai wata magana ta faɗo mata, wadda ta sha ji a kan abinci ba tare da ta san ta riƙe ba.

"Sauro, Malam ya ce duk gasar nan bai ga mai gudunka ba. Ya ce ranar da ka koyi ɗaga kai ka ga 'yan uwanka, babu mai iya tare ku."

Yaron ya ɗago a hankali. "Koci ne ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba a ranar ya faɗa ba. Aka koma wasa, suka ci biyu da nema, kuma duka biyun Sauro ne ya miƙa wa wani ya zura. Siket ɗin dai ya dawo gida da kalmasa a karkace, sai da ta farke ta sake.

Haka abin ya ɗore. Ta daina zuwa da ɗinki. In wasan na waje ne, kujerar gaba a motar makaranta tata ce, da kwandon burodi da manyan filas na shayi a ƙafarta. 'Yan benci suka zama malamanta, suna rige-rigen yi mata bayani, har ta gane satar gida, ko da yake ta ce har gobe ba ta ga abin da aka sata ba. Masu kawo ɗinki suka fara ƙorafi, wata ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin an rufe shago don ƙwallo ba. Mama ta ba ta haƙuri, ta yi mata ƙarin aljihu kyauta.

Saƙonni kuwa kashi biyu ta yi musu. Na dabara, wane ya koma nan, wane ya riƙe wane, tana kai su daidai. Na zagi kuma tana ajiye su a gefen fili, ta ɗauko wani daga cikin maganganun kan abinci. Dogo yana da tsoron fitowa ya kama ƙwallon sama, sai ya lafe a cikin raga yana jira. Malam ya ce a gaya masa tsayinsa na banza ne, turken fitila ya fi shi amfani. Abin da Dogo ya ji shi ne, "Malam ya ce hannunka na kaiwa inda na kowa ba ya kaiwa. Duk abin da ke sama naka ne, ka fito ka ɗauki abinka." Dogo ya dubi tafin hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Daga ranar ya fara fitowa.

Sau ɗaya ne abin ya ɓaci. Ranar da za su je wasa da wata kwalejin noma, Auta ta auna jinin Malam da safe ta ga ya hau, ta ɓata fuska ba ta ce komai ba, amma Mama ta gani. Ta tafi da wannan a ranta. Filin can duk rami, ga 'yan noman ƙarti, kafin hutu an zura wa Dogo biyu. Ta riƙe waya tana juya ta, sannan ta kira.

"Nawa?" in ji Malam.

"Babu ko ɗaya," ta ce.

"Madalla. A gidan mutane kunnen doki ba laifi ba ne. Ki ce su koma baya su tsare gida, kada su yi garaje."

Ta tsaya da saƙon a hannu. Zagi ta iya juyawa, amma dabara ba ta da tata. Ta je ta faɗa musu yadda ya ce.

"Mama," in ji Kyaftin cikin ladabi, "an ci mu biyu fa. Mu koma baya?"

"Haka ya ce."

Suka dubi juna, suka bi umarni. Aka ƙara musu ɗaya. A mota, burodi ma da ƙyar aka ci rabi.

Tana shiga falo ta faɗa masa gaskiya, tun mayafinta na kafaɗa. Ta shirya wa tsawa, Auta ma ta matso da abin awo. Amma Malam bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi mata ciwo.

"Tela, kin sa na aika wa yaran nan shawarar banza. Yanzu za su ce ciwo ya taɓa wa Koci kai."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Ni na zauna a bakin gadonka a asibiti, ba su ba. Da ƙwallon da kai, ka san wanda zan zaɓa."

Ya murza hannun kujera. Can ya ce, "To mu yi haka. In an ci mu goma, ki ce mini goma. Ni kuma na yi alkawari a kwance zan riƙa jin saƙon, kaina a kan filo."

Da yammacin washegari ta je wurin atisaye ta tara su ta ce laifin nata ne, Koci bai san an ci su ba. Kyaftin ya yi murmushi. "Ai mun gane, Mama. Muryarki ce ta tona ki." Dogo ya ce shi dai a yafe masa ukun, shi ma ya yafe mata ƙaryarta ɗaya, aka kwashe da dariya.

Daga nan ba su sake faɗuwa ba. Suka fito na ɗaya a rukuninsu, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka gina kwalejin. Ɗaliban da a da ba su san hanyar fili ba suka fara cika shi, mai lemo ya ɗauki ƙaninsa aiki. A wasan kusa da na ƙarshe aka tashi ɗaya da ɗaya, aka je bugun fenareti, Dogo ya kaɗe biyu. Mama ba ta ga ko ɗaya ba, don ta rufe fuska da mayafi, sai ihu ne ya gaya mata.

A makon ne Likita ta yarda Malam ya karɓi baƙi. Yaran suka zo gaba ɗayansu, takalma suka yi tsibi a bakin ƙofa. Falon bai ɗauke su ba, wasu suka zauna a shago kan buhunan ƙyalle suna leƙowa. Dogo ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa sun kai kunne. Malam yana kan kujerarsa yana ta haɗe fuska don kada a ga murnarsa, yana cewa wane ya yi ƙiba, wane bai aske kai ba.

Sauro ne ya matso daga baya, yana murza hularsa a hannu.

"Koci, ni dai godiya na zo yi. Saƙon nan da ka aiko mini, cewa ba ka ga mai guduna ba. Wallahi da na yi niyyar barin ƙwallon gaba ɗaya. Na zaci ba ka ko son ganina."

Malam ya ɗaga gira.

"Ni ma, Koci," in ji Dogo daga ƙasa. "Da ka ce duk abin da ke sama nawa ne. Har ƙanwata na kira na faɗa mata."

Nan fa kowa ya fara kawo nasa. Wannan an ce masa ƙafarsa ta hagu zinariya ce, wancan an ce ba a taɓa ganin ya gaji ba. Malam ya juya a hankali ya dubi matarsa. Ita kuwa ta duƙufa kan jera kofunan shayi, kamar a duniya babu aikin da ya fi wannan wuya.

Ya yi gyaran murya. "To," ya ce. "Ai gaskiya ce. Ku sha shayinku kada ya huce."

Bayan sun watse, tana tattara kofuna, ya ce, "Tela, zo nan. Yaushe na ce ƙafar yaron nan zinariya ce?"

"Ranar da ka ƙona harshe da miya. Kana faɗa kana fifita baki."

"Na Dogo fa?"

"Wannan kam ya fi sau goma. Ka ce in yaron nan ya san tsawon hannunsa, ka huta."

"To turken fitilar da na aiko ki da shi fa?"

"Ya yi mini nauyi, na bar shi a hanya." Ta ajiye tire ta dube shi. "Malam, shekara da shekaru kana yabon yaran mutane a gabana, ni da ban san komai ba, su kuma da suka sani ka je ka yi musu tsawa. Ni ban ƙara komai nawa ba. Kayansu ne na kai musu."

Ya shafa sanƙonsa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "In ka yabi yaro a gabansa, kansa kumbura yake."

"Ka ga kan wanda ya kumbura a cikinsu?"

Ya ɗauki kofi biyu ya bi ta da su kicin, abin da ba ya yi.

Wasan ƙarshe a babban filin birni aka sa shi. Malam ya je wurin Likita sanye da rigarsa mafi kyau, kamar mai neman aiki. Ta auna shi, ta saurari ƙirjinsa, ta sake aunawa. Ta ce ya je, amma a zaune, Auta a dama, matarsa a hagu, kuma in ya tashi tsaye a fitar da shi.

Ranar, motoci suka kwaso ɗalibai, har malaman da ke cewa ƙwallo ɓata lokaci ce suka zo da iyalansu. Abokan karawar su ne masu riƙe da kofin, rigunansu sababbi fil. Mama ta dubi na yaranta, ta gane ɗinkinta a kusan kowace riga.

Ana tsakiyar zagayen farko aka ɗago wata ƙwallo daga gefe. Dogo ya fito da ƙarfinsa, ya yi tsalle, ta zame masa ta bayan yatsu, wani ya sa kai ta shiga. Filin ya ɗauki ihu ta ɗaya gefen. Malam ya damƙi bakin benci har jijiyoyin hannunsa suka fito, sanƙonsa ya yi gumi, amma bai tashi ba. Auta ta riƙe masa wuyan hannu tana ƙirgawa a zuci.

Da aka tafi hutu, a ɗakin canja kaya, warin man zafi da gumi ya cika ko'ina. Yaran suka zube a kan benci, kuma da sabo, duk suka juya suna kallon Mama. Ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta naɗe hannu.

"Yau ba ni da waya," ta ce. "Ga mai saƙon nan da kansa."

Malam ya zauna a kan wani akwatin kaya. Ya fara bayani da muryar da ba su san yana da ita ba, a hankali, har sai da suka matso suka kewaye shi don su ji. Ya ce 'yan bayan can suna da nauyin jiki, sun fara gajiya, a riƙa jefa wa Sauro ƙwallo ta bayansu. Ya ce a bugun kusurwa Kyaftin ya riƙa hawowa. Ya gama. Kowa ya san saura mutum ɗaya. Dogo yana can lungu, ya rufe kai da tawul.

"Dogo."

"Na'am, Koci."

"Cire abin nan in ga fuskarka."

Ya cire. Malam ya dube shi, kumatunsa suka kumbura, maganar da ya saba tana ta turo kai. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Wannan ƙwallon dai shirme ka yi," ya ce. Auta ta yi tari. Ya ci gaba. "Amma ba don kai ba, da yanzu muna gida wasu na buga wasan nan. In wata ta zo, ka sake fitowa. In ka kuskure, ni na ce ka fito, laifin nawa ne. Ka ji ko?"

"Na ji, Koci."

"To tashi ka wanke fuska, ka yi tsawo da kuka."

Aka koma. Ba a daɗe ba suka sami bugun kusurwa, Kyaftin ya hawo ya sa kai, ta daki turke ta shiga. Daga nan wasa ya yi zafi, nan a kai hari, can a kai hari, har lokaci ya kusa cika. Sai aka sake ɗago wata ƙwallon sama gaban ragar Dogo, mutum huɗu suka yi tsalle. Dogo ya fito ta tsakiyarsu ya cafke ta da hannu biyu, bai tsaya ba ya wurga ta can gaba. Sauro ya bi ta. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya rage daga shi sai mai tsaron gida. Sai ya rage gudu ya ɗaga kai yana neman ɗan uwa, alhali duk ya baro su a baya.

Mama ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Lema ta faɗi, jaka ta faɗi.

"Buga! Kai Sauro, buga mana! Wa kake jira, ɗan ƙaniya!"

Malam ya jawo gefen mayafinta. "Tela, murya."

Ko Sauro ya ji ta ko bai ji ba, ya dai buga, ƙwallo ta bi ƙasa ta shige kusurwa. Abin da ya biyo baya Mama ba ta iya ba da labarinsa daidai, don ta ce ita dai ta tsinci kanta rungume da ɗan benci mai lamba goma sha biyar, takalminta ɗaya babu. Da alƙali ya busa tashi, yaran suka rugo za su ɗaga Malam sama, Auta ta tare gabansa ta buɗe hannu ta ce duk wanda ya taɓa mata uba sai ta yi masa allura. Sai suka durƙusa kewaye da benci, Kyaftin ya ɗora masa kofin a cinya. Malam ya shafa shi, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido, ya miƙa wa matarsa. Ta ɗaga ta ce ashe abin da nauyi, a karɓa kafin ta yar.

Kofin ya tafi ofishin shugaban kwaleji, aka saya masa akwatin gilashi. Kyaftin ya gama karatu ya sami aiki a wani gari. Kafin ya tafi ya kawo wa Mama wando biyu ta rage masa tsawo, ya zauna a shago har ta gama, suna hira kamar ɗa da uwa. Likita ta sallami Malam, da sharaɗin magani kullum da rage gishiri. Mama ta koma kan kekenta, ta biya bashin ɗinkin da ya taru, masu ƙorafi suka huce.

Da aka dawo sabon zango, ranar atisayen farko, Malam ya sa takalminsa ya rataya usur. Ya fita ta ƙofar falo, ya dawo wai ya manta hula. Ya sake fita, ya zagayo ta ƙofar titi ya tsaya a bakin shago yana kallon yadda take ɗinka zif.

"Za ka makara," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ba ki shirya ba?"

"Ni kuma? Ai ka warke."

"Na sani." Ya gyara hular. "Kawai dai akwai sababbin yara bana. An ce akwai wani ɗan ƙarami mai kunya, ko magana ba ya yi. Kada in je in firgita shi tun ranar farko."

Ta kai ƙarshen zif ɗin, ta yanke zare da almakashi, ta duba ɗinkin ciki da waje. Sannan ta jawo ƙyalle ta rufe keken.

"Riƙe mini ƙofar in kulle shagon," ta ce. "Kuma mu biya mu sayi burodi, yaran nan da yunwa suke zuwa."